Ya tuba, amma ya kasa yafe wa kansa abin da ya yi wa danginsa: ta ina za a ɓullo?

Mai_Hidima:

Salama gare ku 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Ina neman shawarar fastoci da dattawan da ke wannan zaure. Akwai wani ɗan'uwa a ƙungiyarmu ta nazarin Littafi Mai Tsarki da ya yarda in kawo maganarsa ba tare da suna ba. Shi ne babba a gidansu. Da mahaifinsu ya rasu, shi aka damƙa wa amanar abin da ya bari, har da rabon ƙanensa da ƙanwarsa da kuɗin kula da mahaifiyarsu. Caca ta lashe duka. Ya yi ta rufa-rufa da ƙarya, matarsa da yara suka sha tsawa da zagi, babbar 'yarsa ta yi shekara guda a gida babu makaranta. Bayan asiri ya tonu, ba a cika wata shida ba mahaifiyar ta sami shanyewar ɓarin jiki ta rasu. Dama tana fama da hawan jini.

Yau shekara huɗu ke nan da tubansa, kuma kowa ya shaida ya daina. Matarsa ta yafe. Ƙanen yana amsa gaisuwa sama-sama, ƙanwar kuwa ko wayarsa ba ta ɗauka. Shi kuma ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya barcin kirki, addu'arsa kullum ɗaya ce: "Ka gafarta mini." Yana cewa ya san Allah ya gafarta masa, amma shi ba zai taɓa yafe wa kansa ba, domin shi ya kashe uwarsa. Mun karanta masa 1 Yahaya 1:9 har ya haddace. Me ya rage mu yi?

Tsohon_Makiyayi:

Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya masa. Ku ɗan dakata da ƙara masa ayoyin gafara. Ayar ba ta gaza ba, ana ɗora ta ne a kan kayan da ba a kwance ba. Abin da yake kira "laifina" abu uku ne a ɗaure wuri guda: zunubin da ya yi wa Allah, haƙƙin mutane da ke wuyansa har yanzu, da baƙin cikin abin da ba ya gyaruwa. Gicciye ya gama da na farko. Na biyu sai an biya. Na uku makoki ne, kuma ba a tuba daga makoki.

Ku zauna da takarda da biro inda babu mai shigo muku, sa'a biyu ta isa. Ya rubuta abin da ya aikata ɗaya bayan ɗaya, da wanda abin ya shafa: "na kashe rabon ƙanwata", "na ce wa Mama kuɗin suna banki alhali babu", "na zagi matata a gaban yara". In ya rubuta "ni mugu ne" ko "na rusa gidanmu", ka sa ya soke. Irin wannan magana ba ta da bakin kamawa, ba a iya furta ta a gama, ba a iya biyanta. In Ruhu Mai Tsarki ya kama mutum da laifi, yakan nuna masa abu takamaimai da hanyar gyara. Tuhumar da ba ta da ƙofar fita, dare da rana, aikin Shaiɗan ne, mai ƙarar 'yan'uwa da aka ambata a Wahayin Yahaya 12:10.

In an gama, ya karanta takardar da babbar murya sau ɗaya, a gaban Allah da shaida guda, fasto ko dattijon da ya iya riƙe sirri, bisa ga Yakubu 5:16. Shaidan kada ya tsaya a "Allah ya ji". Ya kira sunansa, ya faɗa masa a fili cewa saboda jinin Almasihu an gafarta waɗannan zunubai da ya lissafta, a rubuta kwanan wata. In ɗan Katolika ne, ya je wurin fada, wato firist, ya yi ikirari ya karɓi gafara. Mutane da yawa sun yi shekaru suna furtawa a zuci, amma kunnensu bai taɓa jin amsa daga bakin kowa ba. Bayan wannan rana, abin da ke kan takardar ba a sake roƙon gafararsa, sai godiya.

Game da yafe wa kai, babu ayar da ta umarci mutum ya gafarta wa kansa. Wadda ta fi kusa ita ce Farawa 45:5, inda Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa kada su damu, kada su yi fushi da kansu don sun sayar da shi. Bulus kuwa a 1 Korintiyawa 4:3-4 ya ce shi ko kansa ba ya yanke wa hukunci, Ubangiji ne alƙalinsa. Wato aikin da ke gaban wannan ɗan'uwa shi ne ya sauka daga kujerar alƙali, ya amince da hukuncin da aka riga aka yanke. Amma ka yi hattara da yadda za ka faɗa masa. Wasu sukan ce, "Girman kai ne, ka ɗora kanka sama da Allah." Ko da akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ga mutumin da ya riga ya durƙushe ka ƙara masa sabon zunubi ne a lissafi. 1 Yahaya 3:19-20 ta fi dacewa: ko zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome.

Kada shekara huɗu ta firgita ku. Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai bayan wajen shekara 22 ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa ya yafe musu. Mahaifinsu Yakubu ya yi shekara 17 a Masar ya rasu, sai ga 'yan'uwan sun sake aiko wa Yusufu da roƙo cikin tsoro, har ya yi kuka ya maimaita musu maganar (Farawa 50:15-21). Zuciya takan daɗe ba ta cim ma abin da kunne ya ji ba.

Ka kuma nuna masa 2 Sama'ila 12. A aya ta 13 annabi Natan ya ce wa Dawuda Ubangiji ya kawar da zunubinsa, duk da haka yaron da ya haifa ta hanyar zunubin ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Masu irin wannan damuwa sukan ɗauki shirun ƙanwa ko kabarin uwa a matsayin shaidar cewa ba a gafarta musu ba. Dawuda ya sami gafara da sakamako a rana ɗaya, ɗayan bai soke ɗayan ba.

Ma_aji:

Baba Fasto ya kafa tushe. Ni abin da ya tsaya mini a rai, ɗan'uwa, duk bayaninka ban ji inda aka ce ya fara biya ba. In haka ne, lamirinsa ba ƙarya yake masa gaba ɗaya ba, kuma rarrashi ba zai kwantar da shi ba.

Littafin Firistoci 6:1-7 kamar don shi aka rubuta: wanda ya ci amanar ajiya ya yi ƙarya a kai, sai ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma kawo hadayarsa. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya ƙara da cewa in mai haƙƙin ba ya nan, a ba danginsa. Kashi ɗaya cikin biyar ɗin ba doka ba ce a kan Kirista. Zakka mai karɓar haraji ma ninki huɗu ya yi alkawari, don ransa (Luka 19:8). Amma ƙa'idar tana nan daram, kuma adalci shi ne a lissafta da darajar kuɗin a yau, tun da abin da suka saya a lokacin ba shi za su saya yanzu ba.

A fara da adadi a rubuce: nawa aka damƙa masa, nawa ne rabon kowa, abin da ya rage na mahaifiyar kuma ya koma ga magadanta. Kada shi kaɗai ya yi lissafin. Mai jin laifi ko ya rage don kunya, ko ya kumbura don ya azabtar da kansa. A sa mutum na uku da kowa ya yarda da shi. Sai a yanke abin da zai riƙa biya duk wata, daidai ƙarfinsa bayan an cire ci da sha da kuɗin makarantar yara. Wanda ya hana 'ya'yansa don ya biya ƙannensa ya buɗe sabon zalunci ne, 1 Timoti 5:8 kuma ba ta ɗauke masa nauyin gidansa ba. Kaɗan da ba ya fashi ya fi babban alkawarin da zai karye a wata na uku. Ko zai ɗauki shekara shida, ba laifi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gaggawa. Mutum yana so ya sauke nauyin a dare ɗaya, sai ya ci bashi mai ruwa, ko ya shiga wata harkar "ninka kuɗi". Ga tsohon ɗan caca wannan ita ce tsohuwar ƙofar, suna kawai ta sauya. Don haka kuɗin ya riƙa fita kai tsaye daga asusunsa ranar da albashi ko ciniki ya shigo, matarsa ta san kowane asusu, shaidar kowane biya ta je hannun mutum na ukun.

Ƙanwar kuwa, wasiƙa ta fi waya, domin za ta karanta lokacin da ta ga dama, ba a tsare ta da amsa ba. Shafi ɗaya. Ya faɗi abin da ya yi da sunansa, ya faɗi abin da ya jawo mata gwargwadon saninsa, ya faɗi adadin da yadda zai biya, ya rufe da cewa ba dole ta amsa ba. Kada "idan na ɓata miki rai" ya shiga, kada "amma" ya shiga, kada a ce sharrin Shaiɗan ne, kada a cika shafin da labarin irin wahalar da shi yake sha. Mafi muni shi ne a liƙa mata ayar da ta ce a yafe bakwai sau saba'in, ko a tura mata ayarin dattawa su matsa mata. Wannan ayar tsakaninta da Ubangijinta ce, ba ta dace da bakin wanda ya cuce ta ba. Wani binciken masana a Amurka da aka wallafa a 2016 ya auna sassa shida na ba da haƙuri, ya gano amsa laifi ne ya fi tasiri, sai tayin gyara ɓarnar, roƙon a yafe kuwa shi ne na ƙarshe. Mu kuma da shi muka fi farawa.

In ta yi shiru, biya ya ci gaba, kada ya dame ta da saƙonni. In ta mayar da kuɗin, a ajiye su daban da sunanta, kada a taɓa. Romawa 12:18 ta sa iyaka: in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka. Yafewa daban, sake yarda daban, komawa zama kamar da shi ma daban. Yakubu ya aika wa Isuwa, ɗan'uwansa da ya cuta, dabbobi sama da 500 kafin su haɗu, ya sunkuya har ƙasa sau bakwai, suka rungumi juna da kuka, daga nan Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot.

Malama_Mai_Shawara:

Baba Fasto, Baba Ma'aji, ku ba ni dama in sa wani abu a gaban duk waɗannan, domin kalmar "ni na kashe ta" tare da rashin barci ba abin wasa ba ne.

Ɗan'uwa, ka tambaye shi kai tsaye, ku biyu: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, musamman in ya tanadi hanya, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya amfani da shi, a kai shi asibiti a ranar. Yahuza Iskariyoti ya yi nadama, ya furta cewa ya ci amanar marar laifi, wato Yesu, har ya mayar da azurfa talatin ɗin (Matiyu 27:3-5). A zahiri ya yi kusan duk abin da muke lissaftawa a nan, amma ya kai kukansa wurin waɗanda suka ce masa ina ruwansu, ya fita shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ma, bayan ya yi musun sanin Yesu, ya yi kuka mai zafi, sai dai bai rabu da sauran almajirai ba. Baƙin ciki iri biyu ke nan da 2 Korintiyawa 7:10 ta bambanta, kuma kaɗaici na cikin alamun wanda ke kai wa ga mutuwa.

Ko ya ce a'a, a duba wannan: in ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, ba abin da ke masa daɗi, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani, to ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma jin laifi fiye da kima yana cikin alamunsa. Yana buƙatar likita tare da addu'a. Shan magani ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Maganar mutuwar mahaifiya, kada ku ce masa "ba ruwanka". Ba zai yarda ba, daga nan kuma ya daina yarda da sauran maganarku. Ku bi ta da tambaya. Shekara nawa ta yi da hawan jini kafin abin ya faru? Tana shan magani a kan kari? Me likita ya ce? Hawan jini shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma kama iyayen da 'ya'yansu ba su taɓa ɓata musu rai ba. Ɓacin rai yana iya ƙara nauyi, amma ba likitan da zai auna ya ce ga kason wane. Abin da zai rubuta a takardar Baba Fasto shi ne, "na sa mahaifiyata baƙin ciki a ƙarshen rayuwarta." Gaskiya ce, tana da zafi, ana kuma iya furta ta. "Na kashe ta" kuwa iƙirarin sanin abin da Allah kaɗai ya sani ne. Shari'ar Musa ma ta raba mai kisa da gangan da wanda rai ya salwanta ta hannunsa ba da nufi ba, har aka keɓe birane shida na mafaka (Littafin Ƙidaya 35). Da-na-sani ƙeya ce: yana hukunta mutumin wancan lokaci da sanin da sai daga baya ya samu.

Tun da ba ta nan balle ya roƙe ta, ya rubuta mata wasiƙar da ba za a aika ba, ya karanta a gaban wanda ya yarda da shi, ya yi kukan da mai yiwuwa kunya ta hana shi yi a lokacin makoki.

Sai yawan roƙon gafara. Kowane maimaici yana kawo sauƙin 'yan mintoci, sai shakka ta dawo da ƙarfi, a sake. In tunanin ya zo, ya amsa da jimla ɗaya: "Na aikata, na furta a rana kaza, ina biya," ya koma kan aikin da ke hannunsa, kada ya zauna muhawara da shi. Haka ma a gida. Matar da ta yafe tana gajiya da mijin da kullum sai ta rarrashe shi a kan laifin da ita aka yi wa. 'Yarsa kuma ya nemi gafararta sau ɗaya, da gajerun kalmomi daidai shekarunta, kada ya sa ta zama mai share masa hawaye. Abin da ya rage ta gan shi a aikace: kuɗin makaranta a kan lokaci, da uban da ke zama ya duba littattafanta.

Mai_Hidima:

Na gode ƙwarai, iyayena. Na yi masa tambayar Malama, ya ce tunanin yakan zo amma bai shirya kome ba, ya kuma yarda mu je asibiti tare da matarsa. Biya kuwa, gaskiyar Baba Ma'aji ce, bai fara ba, wai yana jira ya tara duka. Sai dai ya faɗa mini abin da ƙannen ba su sani ba: akwai wata biyu da maganin mahaifiyar ya yanke saboda ya kashe kuɗin. Ya faɗa musu? Kuma yaushe zai koma cin Jibi?

Tsohon_Makiyayi:

To, ga ƙayar da ta hana ciwon warkewa. Wannan ya shiga takardar da sunansa: sakaci da maganin uwa. Laifi ne mai nauyi, kada a sassauta shi, kada kuma a mai da shi kisan kai. Ba wanda ya san abin da zai faru da maganin bai yanke ba.

Faɗa wa ƙanne kuwa, ma'aunin shi ne: don wa za a faɗa? Ƙungiyar masu neman barin giya da aka kafa a Amurka a 1935 tana da ƙa'ida mai kyau a matakinta na tara, cewa mutum ya gyara ɓarnarsa kai tsaye sai inda yin hakan zai cutar da wanda aka yi wa laifin ko wasu. Akwai furcin da sauke kaya ne kawai a kan wani don kai ka sami barci. Amma a nan uwarsu ce, suna da haƙƙin sani, kuma sulhun da aka gina a kan ɓoye wannan zai rushe ranar da ya fito ta wani bakin. Ra'ayina ya faɗa, amma ba yanzu ba, ba kuma a wasiƙar farko ba. Ya ga likita tukuna, ya gaya wa matarsa, biya ya yi wata uku zuwa shida yana tafiya. Sa'an nan ya aika musu cewa akwai abin da ya shafi jinyar Mama da bai faɗa ba, in suna so su ji zai faɗa a gaban fasto. Zaɓi ya zama nasu. In wani cikinsu ya riga ya tambaye shi kafin lokacin, ba ƙarya. Ya kuma shirya wa cewa ƙanen da ke amsa gaisuwa yana iya dainawa na wani lokaci, kada ku bar shi shi kaɗai a makon.

Jibi kuma, in ba ikilisiya ce ta sa shi ƙarƙashin horo ba, ba shi da hurumin yi wa kansa horon da ba ranar ƙarewa. Rashin cancantar da ke 1 Korintiyawa 11 magana ce a kan masu cin nasu su ƙoshi suna kunyata marasa shi, aya ta 28 kuma cewa ta yi mutum ya gwada kansa sa'an nan ya ci. Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka ka je ka nemi sulhu, ka dawo ka miƙa. Ba ta ce ka jira sai an karɓi roƙonka ba. Da zarar ya furta a gaban shaida, wasiƙar ta tafi, biyan farko ya fita, ya sanar da fastonsa ya ci Jibi na gaba. Zai ji kamar bai isa ba, ƙafarsa ma tana iya ƙin tashi, don haka kai ko matarsa ɗaya ya zauna kusa da shi ranar.